Farfesa Abdu Mumuni Diofo: Ɗan Tasawa Da Ya Sa Rana Aiki

Duk wanda ya taso daga Banifandu ko wata unguwa ta Yamai ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, zai tarar da babbar jami'ar ƙasar Nijar, wadda ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni. 'Yan kasuwa da yawa suna da 'ya'ya a cikinta, kuma da ribar tebur da rumfa suke ɗaukar nauyin karatun nasu, amma ba kowa ne ya san mai sunan ba. A yau filin namu zai kawo tarihin wannan bawan Allah, tare da wani darasi da ke cikin aikinsa ga duk mai sana'ar da ya ƙago wani abu yake tsoron kada a kwaikwaye shi.

An haifi marigayi Abdu Mumuni Diofo ranar 26 ga watan Yuni na 1929 a garin Tasawa da ke jihar Maraɗi ta yanzu, amma asalin gidansu Kirtashi ne, a bakin kogin Kwara. Ya yi karatun firamare a Damagaram da Yamai. A 1944 ya wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, wadda a zamanin Turawan Faransa can ake tara yara masu ƙwazo daga ƙasashen yammacin Afirka. Bayan ya ƙara karatu a Dakar sai ya tafi birnin Paris, inda ya zaɓi kimiyyar fizik, wato ilimin haske da zafi da motsi. Ya samu digirin farko a 1953, sannan a 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsananin wuya da Faransawa ke kira agrégation, wadda da ita ake tace manyan malamai.

Tun yana ɗalibi ya shiga gwagwarmayar neman 'yanci. Yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban baƙar fatar Afirka a Faransa. Da ya dawo ya fara koyarwa a Dakar. A 1958 mutanen Gini suka ƙi amincewa da tayin Janar de Gaulle na ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa, Faransa kuwa ta kwashe ma'aikatanta daga ƙasar. Abdu Mumuni ya bar aikinsa ya tafi Konakiri ya riƙe alli. Daga nan ya koyar a Yamai, kuma tsakanin 1962 da 1964 ya zauna a Tarayyar Sobiyet yana zurfafa bincike a kan makamashin rana.

A 1964 ya wallafa littafinsa mai suna L'Éducation en Afrique, inda ya nuna cewa makarantar da Turawa suka bari an gina ta ne don samar musu da akawu da tafinta, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunansu na gida, a haɗa karatu da aikin hannu. A wannan shekara ya koma Bamako, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A 1967 ya samu babban digirin dokta a Paris, a kan yadda madubi mai siffar kwano ke tattara hasken rana wuri guda. A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, ya riƙe ta har 1985. A 1979 kuma aka naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai.

Hujjarsa a fili take. Nijar ba ta da gaɓar teku, a wancan lokacin man fetur daga nesa ake kawo shi da tsada, itacen girki yana ƙarewa, hamada tana matsowa, ga kuma rana tana dukan ƙasar kusan kullum ba a biyan ko dala. Saboda haka ONERSOL ba ta tsaya ga rubuce-rubuce ba, ta shiga ƙera kaya. Akwai na'urar dumama ruwa: baƙin faranti mai bututu a ƙarƙashin gilashi, ruwan da ya yi zafi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko, ba famfo ba lantarki. Akwai ta tace ruwa, inda zafi ke tayar da tururi ya taru a jikin gilashi ya gangaro tas, irin ruwan da ake zuba wa batir. Akwai murhun madubi mai tattara haske a gindin tukunya, da na'urar busar da kayan lambu. Sun kuma yi aiki da kamfanin Spilling na Jamus a kan injin da zafin rana ke juyawa.

To, a nan ne mai karatu zai yi tambaya: shin marigayin ne ya ƙago waɗannan na'urori? Amsa ita ce ya tarar da tushensu, kuma sanin haka na cikin ƙarfinsa. Tun a 1767 wani masani ɗan Suwizalan, de Saussure, ya haɗa akwati mai rufin gilashi da ke tara zafin rana. A 1878 Bafaranshe Augustin Mouchot ya nuna injin tururi mai aiki da rana a baje kolin duniya na Paris. A 1891 Clarence Kemp ya samu takardar mallakar na'urar dumama ruwa da rana a Amurka. A 1913 Frank Shuman ya kafa tashar madubai a Ma'adi, kusa da Alƙahira, tana ɗaga ruwan kogin Nilu don ban ruwa. Aikin Abdu Mumuni shi ne auna abin da lissafi, gyara shi ya jure zafi da ƙurar Sahel, da horar da 'yan ƙasa su ƙera shi a Yamai.

Wannan ne ya kawo mu ga dokar mallakar ƙirƙira, takardar da ake kira brevet da Faransanci. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta ranar 2 ga Maris 1977 ta kafa, zamanin marigayin yana ONERSOL. Tana da ƙasashe 17, kuma takarda ɗaya tana aiki a cikinsu duka har shekara 20. Sharuɗɗan uku ne: abin ya zama sabo, ya kasance ba wanda kowane gwanin sana'ar zai hango cikin sauƙi ba, kuma a iya ƙera shi a yi amfani da shi.

Sharaɗin farko shi ne ya fi kayar da mutane. Sabo a idon doka ba ya nufin abin da ba a taɓa gani a unguwarku ba. Ana auna shi ne da duk ilimin da ya riga ya fito fili a ko'ina cikin duniya kafin ranar da aka shigar da takardar nema, ko a rubuce yake, ko da baki aka bayyana shi, ko sayar da shi aka yi. Ke nan babu wanda zai zo Yamai ya ce shi ke da dumama ruwa da rana, domin takardar Kemp ta 1891 ta riga shi. Abin da mutum zai iya karewa shi ne ƙarin da ya yi da kansa, kamar sabon tsarin wani sashe na injin.

Dokar tana da wata fuska mai daɗi. Wa'adin waɗancan tsofaffin takardu ya daɗe da ƙarewa, ilimin ya zama na kowa, shi ya sa aka iya ƙera irin na'urorin a Yamai ba tare da neman izinin magadan Kemp ba. Haka nan baƙo ba zai zo ya yi rajistar yadda ake kilishi ko daddawa ya hana masu yi ba, domin abin da kowa ya sani tun kaka da kakanni ba sabo ba ne. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙin irin albasa da sunan Violet de Galmi, a ƙarƙashin sashen dokar da ya shafi irin shuka. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, domin albasar Galmi ta daɗe a hannun manomanta, kuma kamfanin bai tafi da sunan ba. A farkon shekarun 2020 OAPI ta yi rajistar albasar Galmi da kilishin Nijar a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu.

Don haka, maƙerin da ya gano sabon tsarin injin niƙa, ko 'yar kasuwar da ta samo sabuwar hanyar adana tumatir, su kiyaye: a shigar da takarda tukuna, sannan a baje a kasuwa ko a ɗora hoto a Facebook. Wanda ya fara sayarwa ya mayar da nasa ilimin tsoho da hannunsa. Rangwamen wata 12 da dokar ta yi na wanda aka tona sirrinsa da zalunci ne, ko wanda ya nuna kayan a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Wadda kuma sabulunta ko yajinta ba sabon haɗi ba ne, tana iya yin rajistar suna da tambarinta, na shekara 10 ana sabuntawa. A kuma tuna Nijeriya ba ta cikin OAPI, don haka takardar Yawunde ba ta kare kaya a Kano ko Katsina sai an nemi ta can daban.

Marigayi ya ci gaba da koyarwa a jami'a har ƙarshen rayuwarsa. Allah Ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991 yana da shekara 61, aka yi masa sutura a Kirtashi. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Tashar lantarkin rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 da aka ƙaddamar a 2023, allunan lantarki suke amfani da su, wata fasaha daban da madubansa, amma ranar da ya yi shekaru yana nuna wa mahukunta ita ce dai take aiki a cikinsu.

Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.