Pablo Escobar: Attajirin da ya gina daularsa a kan 'ya'yan talakawa

A tarihin fataucin miyagun ƙwayoyi da wuya a sami sunan da ya yi amo kamar na Pablo Emilio Escobar Gaviria, mutumin ƙasar Kolombiya da ya shugabanci gungun masu safarar hodar iblis na birnin Medellin. An fi tunawa da shi saboda tarin dukiyarsa, wadda ta sa mujallar Forbes ta riƙa lissafa shi cikin attajiran duniya tun daga 1987 har zuwa shekarar da ya mutu. Sai dai ginshiƙin ƙarfinsa yana wani wuri da ba a cika waiwaya ba, wato unguwannin talakawa da ke rataye a jikin duwatsun da suka kewaye Medellin. Daga can ya riƙa ɗibar samari, wasunsu ko gemu ba su fara ba, yana damƙa musu bindiga da babur. Da hannunsu ya yaƙi gwamnatin ƙasarsa kusan shekara goma, kuma su ne suka fi kowa mutuwa a wannan yaƙi.

Asali da tasowa

An haifi Escobar ranar 1 ga Disamba, 1949, a garin Rionegro da ke lardin Antiyokiya. Mahaifinsa manomi ne, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta ce. Ya tashi a Envigado, wani gari da ke manne da Medellin ta kudu. Haihuwarsa ta zo cikin zamanin tashin hankali, domin tun bayan kisan ɗan siyasa Jorge Eliecer Gaitan a 1948 magoya bayan manyan jam'iyyun ƙasar biyu suka shiga kashe juna, rikicin da ya ɗauki kimanin shekara goma, ya kuma ci rayuka kusan 200,000.

Wannan rikici ya kori ɗimbin manoma daga ƙauyukansu zuwa birane. Waɗanda suka nufi Medellin sun je ne da fatan samun aiki a masaƙun birnin, waɗanda a lokacin su ne abin alfaharin ƙasar. Da yake tsakiyar birnin kwari ne kuma ya riga ya cika, sai baƙin suka hau gangaren duwatsu suka kakkafa gidajen katako da kwano, a wuraren da babu titi, babu famfo, makarantu kuma ba su wadata ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 masaƙun suka shiga halin durƙushewa, aka sallami ma'aikata masu yawa. 'Ya'yan waɗannan baƙi suka girma suna hango wadatar birni daga saman dutse, alhali babu hanyar da za ta kai su gare ta.

Shi kansa Escobar bai fito daga wannan matsanancin talauci ba, amma ya san shi ciki da bai. Ya fara da ƙananan laifuffuka tare da ɗan uwansa Gustavo Gaviria, daga satar motoci zuwa fasa-ƙwaurin taba sigari da sauran kayan da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya. A tsakiyar shekarun 1970 ya gane cewa ribar da ke cikin hodar iblis ta ninka ta kowace haja. Ya riƙa sayo ƙullun ganyen koka daga Peru ta kan iyakar Ekwado, ana tace shi a Kolombiya, sannan a tura shi Amurka. A 1976 jami'an tsaro suka kama shi da hodar, aka ɗauki hotonsa a hannun hukuma, amma shari'ar ta shiririce, jami'an da suka kama shi kuma aka kashe su daga baya. Tun daga nan ya kafa ƙa'idar da ya rayu a kanta: duk alƙali ko ɗan sanda ko ɗan siyasar da ya tare masa hanya, zaɓi biyu ne a gabansa, ko ya karɓi kuɗi ko ya karɓi harsashi.

Kyautar da ke da ƙugiya

Da dukiya ta bunƙasa, Escobar ya mallaki katafariyar gona mai suna Hacienda Napoles, inda ya tara namun daji daga ƙasashen waje, har da dorinar ruwa, waɗanda jikokinsu suka yaɗu a kogin Magdalena suka zame wa ƙasar matsala har yau. A lokaci guda kuma ya juya ga unguwannin talakawa. Ya gina filayen ƙwallo ya sa musu fitilu, ya riƙa raba kuɗi da kayan abinci, ya kuma gina ɗaruruwan gidaje ga iyalan da ke zaune a kan jujin Moravia, inda birnin ke zubar da shararsa. Unguwar da ya gina musu har yanzu da sunansa ake kiran ta.

Ga mutanen da gwamnati ba ta taɓa leƙawa ba, wannan abu ne babba, kuma da yawa sun ɗauke shi uban marasa galihu. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Filayen ƙwallon nan su ne dandalin da mutanensa ke lura da yaran da suka fi zafin nama da rashin tsoro. Unguwannin da suka ci moriyarsa kuwa suka zama maɓoyarsa, inda babu mai buɗe baki ya gaya wa hukuma abin da ya gani.

Farin jinin ya kai shi Majalisar Wakilai a 1982, a matsayin mai maye gurbin wani ɗan majalisa. Zaman bai yi tsawo ba. Ministan Shari'a Rodrigo Lara Bonilla ya fito fili ya tuhume shi da safarar ƙwaya, jaridar El Espectador kuma ta tono labarin kamun da aka yi masa a 1976 ta sake bugawa tare da hotonsa. Dole ya bar siyasa. A Maris na 1984 'yan sanda suka kai samame wata babbar matatar hodar iblis da ke cikin daji, mai suna Tranquilandia, suka kama kusan tan 14.

Yadda ake ɗaukar yaran

Ranar 30 ga Afrilu, 1984, wasu matasa biyu a kan babur suka cim ma motar Lara Bonilla a Bogota, na baya ya buɗe masa wuta ya kashe shi. Maharbin ya mutu nan take lokacin da masu gadin ministan suka bi su, matuƙin babur ɗin kuwa aka kama shi. Sunansa Byron Velasquez, ɗan shekara 18 daga yankin Medellin. A ranar ne yawancin mutanen Kolombiya suka fara ganin fuskar rundunar da aka daɗe ana haɗawa a bayan idonsu. Da harshen Sifaniyanci ana kiran irin waɗannan 'yan ina-da-kisa sikariyo.

Escobar ba ya zuwa da kansa ya nemi yaro. Tsakaninsa da unguwa akwai dillalai, waɗanda ke karɓar kwangilar kisa su miƙa ta ga gungun 'yan daba na unguwanni, irin su Los Priscos na unguwar Aranjuez. Ɗaya daga cikin manyan dillalan shi ne John Jairo Arias, wanda aka fi sani da Pinina, wanda shi ma ɗan unguwar talakawa ne, ya kuma san kowane lungu da yaran da ke cikinsa. Yaro kan fara da aike, ko tsayuwa a bakin layi yana sa ido a kan 'yan sanda, ko ɓoye bindiga a gidansu. Idan aka gamsu da shi sai a koya masa tuƙa babur da gudu da harbi daga baya. Daga nan a jarraba shi da kisa na farko, wanda da zarar ya aikata shi ƙofar komawa ta rufe.

Dalilin fifita yara a bayyane yake. Ladansu kaɗan ne, doka tana sassauta wa wanda bai kai shekarun balaga ba, ba su san wanda ya ba da kwangilar ba balle su tona shi, kuma idan ɗaya ya faɗi akwai goma da ke jiran gurbinsa. Su kuwa yaran abin da ke jan su bai wuce babur, takalmi mai tsada, girma a idon 'yan mata, da kuma burin saya wa uwa firiji ko gina mata ɗaki ba, domin da yawansu iyaye mata ne kaɗai suka rene su. Marubuci Alonso Salazar, wanda daga baya ya zama magajin garin Medellin, ya zauna da irin waɗannan samari ya fitar da littafi a kansu a 1990, inda ya nuna cewa yawancinsu ba su sa ran yin tsawon rai a duniya ba. Wasu kan je cocin Maryamu da ke garin Sabaneta su yi addu'ar samun sa'a kafin su fita aiki. A shekarar ce kuma aka fitar da fim ɗin Rodrigo D, wanda Victor Gaviria ya shirya da samarin unguwannin, kuma kafin fim ɗin ya kai ga masu kallo an riga an kashe wasu daga cikin waɗanda suka fito a cikinsa.

Yaƙi da gwamnati

Abin da Escobar ya fi tsoro shi ne yarjejeniyar 1979 da ta ba da damar miƙa masu laifi ga Amurka, wadda gwamnati ta fara aiki da ita bayan kisan Lara Bonilla. Don ya rusa ta ya shelanta yaƙi. An kashe editan El Espectador, Guillermo Cano, ranar 17 ga Disamba, 1986. An harbe ɗan takarar shugaban ƙasa Luis Carlos Galan a dandalin taro a Soacha ranar 18 ga Agusta, 1989. Ranar 27 ga Nuwamba na shekarar bam ya tarwatsa jirgin saman Avianca da ya tashi daga Bogota zuwa Cali, mutum 107 da ke ciki suka hallaka. An yi nufin kashe ɗan takara Cesar Gaviria ne, wanda bai hau jirgin ba. Shaidar da wani na hannun daman Escobar ya bayar daga baya ta nuna cewa wani matashi aka ba jakar, aka ruɗe shi cewa na'urar naɗar magana ce zai kunna. Kwana tara bayan haka aka tayar da wata mota cike da nakiya a gaban hedikwatar 'yan sandan ciki a Bogota, fiye da mutum 50 suka mutu.

A 1990 ya sa ladan peso miliyan 2 a kan duk ɗan sandan da aka kashe a Medellin, lamarin da ya jawo mutuwar ɗaruruwansu. Ramuwar gayya ta faɗa kan unguwannin talakawa, inda mutane masu rufe fuska suka riƙa zuwa da dare suna harbin duk saurayin da suka tarar a bakin titi, mai laifi da marar laifi. A 1991 kaɗai an kashe fiye da mutum 6,000 a birnin, akasarinsu samari. A Nuwamba na 1992 jami'an 'yan sanda suka kashe mutum tara a unguwar Villatina, takwas daga cikinsu yara ne, har da yarinya 'yar shekara takwas, kuma daga baya gwamnati ta amsa alhakin kisan.

Kurkukun alfarma da ƙarshen gudu

Ranar 19 ga Yuni, 1991, majalisar tsara kundin mulki ta haramta miƙa 'yan ƙasa ga wata ƙasa, a ranar kuma Escobar ya miƙa wuya. An tsare shi a La Catedral, gidan kason da aka gina bisa sharuɗɗansa a kan dutsen da ke kallon Envigado, mai filin ƙwallo da ɗakin shaƙatawa, inda ya ci gaba da gudanar da kasuwancinsa. Da labari ya fita cewa ya sa an kashe abokan cinikinsa biyu a cikin gidan, gwamnati ta yanke shawarar sauya masa wuri, sai ya tsere ranar 22 ga Yuli, 1992.

Ya yi wata 16 yana ɓuya. Rundunar 'yan sanda ta musamman, da taimakon Amurka, tana bin sawunsa, yayin da wata ƙungiyar maƙiyansa mai suna Los Pepes ke kashe lauyoyinsa da yaransa tana ƙona kadarorinsa. Tun kafin nan ya rasa Pinina da Gustavo Gaviria, waɗanda 'yan sanda suka kashe a 1990. Ranar 2 ga Disamba, 1993, kwana ɗaya bayan cikarsa shekara 44, ya daɗe yana magana da ɗansa ta waya, aka gano gidan da yake a unguwar Los Olivos. Ya yi yunƙurin tserewa ta kan rufi, a nan harsashi ya same shi. Mutumin da ya taɓa juya dubban 'yan bindiga ya mutu da mai gadi ɗaya tak a tare da shi. Dubban mutane, akasari daga unguwannin talakawa, sun halarci jana'izarsa.

Abin da ya bari

Mutuwarsa ba ta rage safarar hodar iblis ba. Gungun Cali ya gaje kasuwar har zuwa 1995 da aka kama shugabanninsa, daga nan ragamar shigar da hodar Amurka ta koma hannun gungun ƙasar Meziko, waɗanda ke riƙe da garuruwan kan iyaka irin su Tijuana, Ciudad Juarez da Nuevo Laredo. Tsarin ɗaukar yara ya bayyana a can kusan yadda yake a Medellin: yaro ya fara da sa ido a bakin layi, aikin da suke kira na shaho, ya wuce zuwa dakon ƙwaya, ya ƙare da bindiga. A tsakiyar shekarun 2000 kotunan jihar Texas sun yanke hukunci a kan samarin garin Laredo da ƙungiyar Zetas ta ɗauka tun suna 'yan shekara goma sha, ta horar da su a tsallaken iyaka, ta sa su kisa. A Ciudad Juarez an kashe fiye da mutum 3,000 a 2010, cikinsu har da mutum 15, akasari ɗalibai, da aka harbe a wajen wani biki a watan Janairu.

Medellin kuwa ta ɗauki wani darasi daga abin da ya same ta. Daga 2004 hukumomin birnin suka haɗa unguwannin kan dutse da tsakiyar gari ta hanyar motocin da ke tafiya a kan igiya, suka gina ɗakunan karatu da makarantu a wuraren da a da sai 'yan daba ke da iko. Gungun masu laifi ba su ƙare ba, amma yawan kisa ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da 1991. A Fabrairu na 2019 aka rushe benen Monaco, tsohon gidan Escobar da masu yawon buɗe ido suka mayar wurin ziyara, aka gina dandalin tunawa da waɗanda aka kashe a gurbinsa. An san sunayen ministoci da alƙalai da 'yan jaridar da suka mutu a wancan zamani. Dubban samarin da aka saya da kuɗin babur kuwa, iyayensu mata ne kawai suka riƙe sunayensu.