Harvey Cushing, Likitan Da Ya Gano Ƙarin Da Ke Fakewa Da Ƙiba

An haifi Harvey Cushing, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, a birnin Cleveland na Amurka a 1869. A 1910, a asibitin Johns Hopkins, ya duba wata mace mai shekara 23 wadda fuskarta ta kumbura, teɓa ta taru mata, al'adarta ta ɗauke. Sai a 1932 ya bayyana cewa tushen irin wannan ciwo ɗan ƙari ne a halittar fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Ƙarin kan sa sinadarin kotisol ya yi wa jiki yawa, ya jawo hawan jini da ciwon suga.

Ya rasu a 1939. Cutar ta gaji sunansa, kuma a yau gwajin fitsari, yawu da jini, haɗe da hoton MRI, ke bambanta ta da ƙiba ta lafiya.