Ohm, Malamin Da Aka Raina Littafinsa

Mun daɗe muna rubuta “ohm” a darasin kimiyya, ashe sunan mutum ne. Georg Simon Ohm Bajamushe ne, an haife shi a garin Erlangen a 1789. Babansa maƙerin kwaɗuna ne, kuma shi ya fara koya masa lissafi a gida. Da ya girma ya zama malamin sakandare a birnin Kolon, yana gwaji da wayoyin lantarki.

A 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya fitar da littafinsa. Dokarsa ita ce: a raba bolt da amfiya, a sami turjiya. Misali, batirin sola mai bolt 12 irin na gidajenmu a Tambuwal da Kebbe, in fitila ta ja amfiya 2, turjiyarta ohm 6 ce. In kuma muka ninka su, wat 24 take ci.

Amma manyan masanan ƙasarsa suka raina aikin, har ya ajiye koyarwa. Sai 1841 ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambar yabo. Kujerar farfesan fiziks a Munik kuwa sai 1852 ya same ta, ya mutu a 1854.