Stuart Sutcliffe, Mai Zanen da Ya Riƙe wa Beatles Jitar Bas Kafin Duniya Ta San Su

A farkon shekarar 1960 wani ɗalibin kwalejin koyon zane ta birnin Liverpool, mai shekara 19, ya sami fam 65 a hannunsa. Attajirin nan John Moores ne ya sayi wani zanensa da aka rataye a baje kolin gidan adana zane-zane na Walker, kuma kuɗin sun kai abin da ma'aikacin ƙarfi zai yi makonni yana gumi kafin ya tara. Ɗalibin da ya san inda ya dosa da ya zuba su a fenti da buroshi. Shi kuwa abokansa biyu, John Lennon da Paul McCartney, suka sa shi gaba da lallashi har ya je shagon kayan kiɗa na Frank Hessy ya ɗauki jitar bas ƙirar Höfner, a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Bai taɓa kaɗa irinta ba. Sunansa Stuart Sutcliffe.

An haife shi a Edinburgh ta ƙasar Sikotlan ran 23 ga Yuni, 1940. Mahaifinsa, Charles, ma'aikacin gwamnati ne da aikin lokacin yaƙi ya kawo shi Liverpool a 1943, daga baya ya koma injiniyan jirgin ruwa, ba ya cika zama a gida ba. Mahaifiyarsa, Millie, malamar makaranta ce, kuma ita ta ɗauki yawancin nauyin renonsa da ƙannensa mata biyu, Joyce da Pauline. Yana ɗan shekara 16 ya shiga kwalejin zane, malamai kuma ba su daɗe ba suka gane yana cikin mafi hazaƙar ɗaliban da ke gabansu. Ɗan siriri ne, gajere, mai yawan karatu, wanda kan kwana yana aiki a ɗakinsa. A can ya haɗu da Lennon, wanda halinsa ya sha bamban da nasa: mai kaifin baki, mai raina darasi. Sutcliffe ya buɗe masa ido kan tarihin zane da littattafai, Lennon kuma ya ja shi cikin kiɗan Amurka. Daga bisani suka zauna gida ɗaya a Gambier Terrace, kusa da babbar majami'ar birnin.

Rukunin makaɗan da ya shiga ba shi da wani abin nunawa. Samari uku ne, Lennon da McCartney da George Harrison, kowa da jitarsa, babu mai bas, babu tsayayyen mai ganga, babu ma tsayayyen suna. Lennon da McCartney sun fara tsara waƙoƙinsu a ɓoye, amma abin da suke kaɗawa a bainar jama'a na wasu ne: Chuck Berry, Little Richard, Carl Perkins, Gene Vincent, Elvis Presley. Haka ɗimbin rukunoni irinsu suke yi a Liverpool a lokacin. A sayi faifai, a saurara har a haddace, a je zauren rawa a maimaita. Mai zaure ba ya biyan kuɗi don jin sabon abu, so yake matasa su tashi su taka.

A irin wannan aiki mai bas yana da matsayi na musamman, ko da yake ba wanda ke kallonsa. Jitarsa tsirkiya huɗu gare ta, masu kauri, sautinta yana can ƙasa, ƙirji ya fi kunne jin sa. Aikinsa shi ne ya haɗa bugun ganga da karin waƙa, ya nuna wa kowa inda ake da inda za a juya. Yawancin waƙoƙin wancan zamani a kan gida uku na sauti aka gina su, suna zagayawa bayan kowane awo goma sha biyu, saboda haka wanda ya koyi tushen kowane gida, ya kuma iya riƙe lokaci, zai fita kunya ko bai iya ado ba. Idan ya yi daidai babu mai yaba masa. Idan ya kauce, masu rawa ne za su fara rikicewa tun ba su san dalili ba. McCartney da kansa ya sha faɗa daga baya cewa a wancan lokaci bas ita ce kayan da kowa ke gudu, sai a liƙa wa wanda za a tura baya. Sutcliffe ya karɓe ta ne saboda ita ce gurbin da ya rage kusa da abokinsa.

Bai tsaya ga kiɗa kaɗai ba. Shi ne mai iya rubutu a cikinsu, shi yake aika wasiƙu ga masu wuraren rawa yana nema musu aiki. Shi da Lennon ne kuma suka fito da sunan da ya bi canje-canje har ya zama Beatles, suna kwaikwayon rukunin Buddy Holly da ke ɗauke da sunan ƙwaro, wato gyare.

Ran 10 ga Mayu, 1960, suka je gwaji gaban Larry Parnes, wani babban mai shirya wasanni daga Landan. A wasu hotunan wannan rana an ga Sutcliffe ya karkata ya ba mai kallo baya, kuma daga nan aka gina labarin da ya bi shi har kabari, cewa yana ɓoye yatsunsa ne don kada a gane bai iya ba. Allan Williams, mai gidan shan kofi na Jacaranda wanda ya riƙa samo musu aiki, shi ya fi yaɗa wannan zance. Bill Harry, abokin karatunsu da ya kafa jaridar Mersey Beat, ya musanta. A ganina gaskiya tana tsakani: wanda ya yi wata huɗu kacal da kayan kiɗa a hannu dole ya yi ɗari-ɗari gaban baƙo mai kuɗi, amma kuskure ne a auna dukan aikinsa da wannan yini guda. Gwajin dai ya samo musu zagayen kwanaki a arewacin Sikotlan suna mara wa wani mawaƙi, Johnny Gentle, baya. A wannan tafiya suka laƙaba wa kansu sunayen wasa, shi kuwa ya zaɓi Stuart de Staël, don girmama mai zanen nan Nicolas de Staël. Ko a kan dandalin kiɗa zuciyarsa tana wajen zane.

A watan Agustan 1960 Williams ya kwashe su a motarsa zuwa Hamburg ta Jamus, tare da sabon mai ganga, Pete Best. Sun fara aiki ran 17 ga wata a wani ƙaramin kulob mai suna Indra, a unguwar St. Pauli, matattarar matuƙan jiragen ruwa da mashaya. Mai wurin, Bruno Koschmider, ya sauke su a wasu ɗakuna marasa taga a bayan allon wani gidan silima, kusa da makewayi. Sukan yi awa huɗu da rabi suna kiɗa a daren ranakun aiki, awa shida a ƙarshen mako. Wanda zai cika waɗannan awoyi dole ya haddace waƙoƙi da yawa, ya kuma iya jan kowace ɗaya ta yi tsawo. A watan Oktoba aka mai da su Kaiserkeller, inda suka riƙa karɓa-karɓa da rukunin Rory Storm, wanda Ringo Starr ke buga wa ganga.

Mutum ba zai yi irin wannan aiki kowane dare na tsawon watanni ya zauna yadda yake ba. Waɗanda suka ji shi a Hamburg, ciki har da Pete Best da Klaus Voormann, sun shaida cewa kiɗansa mai sauƙi ne amma mai ƙarfi, yana zaune daram a kan lokaci, wanda shi ne abin da zauren rawa ke bukata. Yana kuma da kwarjini. Yakan tsaya shiru da baƙin tabarau, kuma idan ya fito gaba ya rera Love Me Tender ta Elvis, tafin da yake samu yakan ba sauran haushi. Lennon yana ƙaunarsa, amma hakan bai hana shi yi masa ba'a mai zafi gaban mutane ba. McCartney kuwa, wanda ya fi kowa kunnen kiɗa da buri, yana ganin rukunin ba zai yi nisa da mai bas na wucin gadi ba, kuma ya amsa daga baya cewa akwai kishin kusancin Sutcliffe da Lennon a ciki. Ta fuskar kiɗa McCartney yana da hujja. Hanyar da aka bi wajen nuna masa hakan ce ba ta da daɗi.

A Kaiserkeller ne wasu matasan Jamusawa uku masu sha'awar zane da hoto suka fara zuwa kallonsu: Voormann, da Jürgen Vollmer, da Astrid Kirchherr. Astrid ta kai su filin wasannin bikin birnin ta ɗauke su hotunan da har yau su ne mafi shahara na wancan zamani nasu. Ita da Sutcliffe ba su jin harshen juna sosai, amma kafin watan Nuwamba ya ƙare sun yi alkawarin aure. Ita ta fara taje masa gashi ya sauko kan goshi irin na samarin da take hulɗa da su. Abokansa suka yi ta dariya, sannan a 1961 Lennon da McCartney suka je Faris, Vollmer ya yi musu irin wannan aski, wanda duniya ta zo ta san su da shi.

Ƙarshen 1960 ya zo musu da rikici. Hukuma ta kori Harrison saboda shekarunsa 17 ne, aka kori McCartney da Best bisa zargin tayar da wuta a masaukinsu. Sutcliffe ya zauna wajen Astrid har Janairu, shi ya sa wani saurayi, Chas Newby, ya riƙe bas a wasan Litherland na 27 ga Disamba, wasan da ya sa Liverpool ta fara ɗaukarsu da muhimmanci. Da suka koma Hamburg a Afrilun 1961 don aiki a kulob ɗin Top Ten, hankalinsa ya riga ya rabu biyu. Kwalejinsa ta Liverpool ta ƙi ba shi gurbin karatun zama malamin zane, amma kwalejin zane ta Hamburg ta karɓe shi da tallafin karatu, ƙarƙashin Eduardo Paolozzi, shahararren mai sassaƙa wanda shi ma haifaffen Edinburgh ne. Tsamin da ke tsakaninsa da McCartney ya kai su ga kokawa a kan dandali wani dare. A tsakiyar shekarar ya ajiye jitar.

Masu ba da labarin Beatles sukan kawo wannan mataki a matsayin rashin rabo, kamar wanda ya bar rijiya ana gab da cim ma ruwa. Wannan hukunci ne na wanda ya riga ya san ƙarshen labari. A tsakiyar 1961 rukunin bai wuce masu maimaita waƙoƙin wasu a mashaya ba, shi kuwa an buɗe masa ƙofar aikin da yake da baiwarsa tun yana yaro, ga malami na gari, ga matar da yake so. Paolozzi ya lissafa shi cikin ɗalibansa mafi ƙwazo. Tafiyarsa ta kuma amfani waɗanda ya bari: McCartney ya ari jitar tasa na ɗan lokaci, da sharaɗin kada ya juya tsirkiyoyin duk da cewa shi bahago ne, sannan ya sayi tasa Höfner mai siffar goge a nan Hamburg, ya zama ɗaya daga cikin masu bas da suka sauya yadda ake kallon wannan kayan kiɗa. Abotarsa da Lennon ba ta yanke ba, sun ci gaba da rubuta wa juna dogayen wasiƙu.

A ɗakin saman gidan mahaifiyar Astrid ya buɗe wurin aiki, ya shiga zane ba dare ba rana. Ayyukansa na wannan lokaci manya ne, fenti mai kauri bisa kauri, ja da baƙi sun yi yawa, ba siffar mutum ko ta wuri, kuma su ne masana suka fi daraja a cikin abin da ya bari. Sai ciwon kai ya fara damunsa, mai tsanani har wani lokaci ganinsa ya ɗauke. A farkon 1962 ya faɗi a cikin aji. Likitoci sun duba shi a Jamus da Ingila ba su gano tushen ciwon ba. Ran 10 ga Afrilu, 1962, jini ya ɓalle a ƙwaƙwalwarsa, ya rasu a cikin motar asibiti, Astrid tana riƙe da shi. Shekararsa 21. Wasu sun danganta abin da dukan da wasu 'yan daba suka yi masa a ka bayan wani wasa a Liverpool a farkon 1961, wasu kuma suna ganin lahani ne na jijiya da aka haife shi da shi.

Abokansa sun sauka Hamburg a wannan makon don buɗe sabon kulob na Star-Club, Astrid ta tare su a filin jirgin sama da labarin. Aka kai gawarsa Huyton, kusa da Liverpool, aka binne, mahaifinsa yana can cikin teku bai ji ba sai bayan makonni. Wata shida bayan haka faifan Beatles na farko a Ingila ya fito.

A 1964 gidan Walker, inda ya sayar da zanen da ya jefa shi cikin kiɗa, ya shirya baje kolin ayyukansa. A 1967 Beatles suka sa fuskarsa cikin taron fuskokin da ke bangon kundinsu na Sgt. Pepper. Kiɗansa kuwa bai fito a faifan hukuma ba sai a 1995, cikin kundin Anthology na farko, inda aka saka waƙoƙi uku da suka naɗa a gidan su McCartney a 1960, sautin bas ɗinsa yana ƙasa-ƙasa cikin ƙarar tsohuwar na'ura. Jitar da ya saya a shagon Hessy ta koma hannun Klaus Voormann, wanda ya fara koyo a kanta, daga baya ya zana bangon kundin Revolver a 1966, ya kuma kaɗa wa Lennon bas bayan rukunin ya watse.