Wambai Giwa, Wanda Ya Ƙara Birnin Kano

Duk mutumin ƙasarmu ta yamma, ko daga Gammo ya fito, ko Kabo, ko Gwarzo, in ya nufi birnin Kano, Ƙofar Kabuga ce ke fara tarbarsa. Mu ma da mu ke zuwa kallon ganuwa da ƙofofinta mukan tsaya nan, mu duba, mu wuce, ba mu tambayi wanda ya yi aikin ba. To, ga labarinsa kamar yadda littafin Tarihin Kano ya kawo shi.

Ana ce da shi Wambai Giwa. Wambai sarauta ce babba a fadar Kano, mai riƙe da ita yana cikin manyan 'yan majalisar Sarki. Ya yi zamani da Sarkin Kano Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623.

Sa'ad da Giwa ya taso, ganuwa ta riga ta tsufa. Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen 1095 zuwa 1134, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Amma bayan Rumfa Kano ta sha wuya. A zamanin Abubakar Kado Katsinawa suka zo har bakin birni, suka yi sansani a Salanta. A zamanin Muhammadu Zaki, mahaifin Nazaki, Kwararafa suka kawo yaƙi har mutane suka bar gari suka nufi Daura, aka kuma yi yunwa shekara 11. Wanda ya ga wannan da idonsa ya san amfanin ganuwa.

Da Nazaki ya hau, sai rana ta juya. Ya gamu da Katsinawa a Karaye, ya kore su. Bayan wannan Sarki ya sake fita wani yaƙi, ya bar Wambai a gida domin ba shi da lafiya. Ga babban barde, wannan abin baƙin ciki ne, don 'yan'uwansa za su komo da ganima da suna, shi kuwa yana kwance. Da ya sami sauƙi, sai ya tara mutanensa ya nemi shawarar abin da zai yi ya faranta wa Sarki rai. Suka ba shi shawara ya ƙara birni, ya kuwa karɓa.

Ya ja sabuwar ganuwa ta yamma da gari, daga Ƙofar Dogo zuwa Gadon Ƙaya, daga Dukawuya zuwa Kabuga, har ta haɗu da Kansakali. Sai mu tuna ginin ƙasa ne. A haƙa, a kwaɓa, a yi tubali, a ɗauka a ka a hau da shi, ramin da aka bari a waje kuwa ya zama wani shinge ga dawakan abokan gaba. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa da ciki wofi, Wambai kuwa ya san haka. An ce kowace safiya yakan kawo ƙwarya 1,000 ta abinci da shanu 50 domin ma'aikata, har aka gama. Ran da aka gama ya yanka shanu 300 a Ƙofar Kansakali, ya yi wa malamai alheri mai yawa. Filin da ya shigo da shi cikin birni mai faɗi ne ƙwarai, wurin da mutanen ƙauye za su fake da dabbobinsu in an kawo hari, a kuma yi noma ko an tsare ƙofofi. Har a 1851, da Bature matafiyi Barth ya zo Kano, ya tarad da gonaki da fili mai yawa a cikin ganuwa.

Da Sarki ya komo daga yaƙi ya tarad da birninsa ya fi yadda ya bar shi, ga kuma dawakai 100 da kayan yaƙinsu Wambai ya yi masa barka da zuwa. Sarki ya yi murna matuƙa, ya ba shi garin Karaye.

Kyauta ce, amma mai nauyi, gama ƙasar nan tamu ta yamma ita ce bakin iyaka da Katsina. Wambai ya bar birni ya koma Karaye, ya shiga kai wa Katsinawa hari ba dare ba rana, yana samo ganima. Har ya zama yana da barade 100 masu sulke da dawakai 1,000.

Nan fa abin ya juya masa. Sarki goma, zamani goma. Nazaki ya rasu, ɗansa Kutumbi ya hau a 1623. Ƙarfin da uba ya ga abin godiya, a zamanin ɗa ya zama abin tsoro. Fada ta dubi mutum guda yana zaune nesa da idon Sarki da rundunarsa ta kansa, aka ji tsoron kada ya yi tawaye, sai aka tuɓe shi. Littafin bai ce ya tayar wa kowa ba, tsoro kaɗai ya ambata. Yaƙi da Katsina kuwa bai ƙare da tuɓe shi ba, don shi kansa Kutumbi a kan wannan yaƙi ya rasu a 1648.

Sarauta ta tafi, gini ya tsaya. Kusan shekara 280 ganuwarsa tana tsare yammacin Kano, sai a watan Fabrairu na 1903, da sojan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka zo da igwa, suka shiga ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu kuwa ya tafi Sakkwato. Bayan wannan ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu neman filin gini suka ci wuri mai yawa daga cikinta, waɗansu ƙofofin kuma aka sake su da siminti domin motoci.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, in an kai mu kallon ƙofofi, kada mu nemi aikin wannan bawan Allah a Ƙofar Wambai don sunanta, ita tana can gabas. A nufi Gadon Ƙaya, a bi ta Dukawuya da Kabuga zuwa Kansakali, a dubi tudun ƙasar da ya ragu, a tuna da ƙwaryar abincin nan. Mu da za mu zama malamai, ya kamata in mun kawo yaran Gwarzo da Kabo da Karaye mu gaya musu mai wannan gini ya zauna ƙasarsu, ya tsare ta. In ba su ji sunansa daga gare mu ba, za su ga tudu ne kawai, wanda ba su san darajarsa ba kuwa ba za su hana a kwashe shi ba.

Allah ya jiƙan Wambai Giwa da waɗanda suka ɗauki tubali tare da shi, amin.