John von Neumann

John von Neumann (28 Disamba 1903 – 8 Fabrairu 1957) masanin lissafi ne ɗan asalin ƙasar Hungary da ya yi aiki a Amurka. Yawancin kwamfutocin yau a kan tsarin da ke ɗauke da sunansa aka gina su.

Rayuwa

An haife shi a birnin Budapest, inda ya sami digirin digirgir a 1926. Ya tafi Princeton a 1930. Ciwon daji ne ajalinsa a birnin Washington.

Aiki

A 1945 ya rubuta rahoto kan na'urar EDVAC, inda ya bayyana yadda umarni da bayanai za su zauna a ma'adana ɗaya, furosesa na ɗauko su bi da bi. Sunansa kaɗai ya fito a rahoton, alhali Eckert da Mauchly ma sun ba da gudummawa, abin da ya jawo jayayya.

Tasiri

Manhajojin sa ido irin su Task Manager, nauyin furosesa da ma'adana suke aunawa. Su ma a wannan ma'adanar suke zaune, don haka suna cin wani kaso na abin da suke aunawa.