John Flavel: Makiyayin da Ya Koyar da Tsaron Zuciya

A ranar 24 ga Agusta, 1662, limamai kusan dubu biyu suka bar mumbarinsu a ƙasar Ingila. Gwamnatin Sarki Charles na Biyu ta kafa doka cewa kowane limami sai ya amince a fili da dukan abin da ke cikin littafin addu'a na Ikilisiyar Ingila, in kuwa ya ƙi, ya rasa aikinsa da gidansa da albashinsa. Yawancin waɗanda suka ƙi suna cikin jama'ar da ake kira Furitan, wato masu marmarin a tsarkake sujada da zaman ikilisiya bisa ga Littafi Mai Tsarki kaɗai. Ɗaya daga cikinsu shi ne John Flavel, faston garin Dartmouth.

An haifi Flavel a Bromsgrove wajen shekara ta 1628. Mahaifinsa, Richard Flavel, shi ma mai wa'azi ne. Ya yi karatu a Jami'ar Oksfod, aka naɗa shi a 1650, ya soma hidima a wani ƙauye mai suna Diptford a lardin Devon. A nan ne ya fara sanin ɗacin rashi, gama matarsa ta fari ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. A 1656 ya karɓi kira zuwa Dartmouth, garin bakin teku da ke cike da masunta da matuƙan jiragen ruwa. Da yake ya san mutanensa, sai ya riƙa yi musu wa'azi da abin da suka sani: iska, igiyar ruwa, da jirgin da ke neman mashigi. Daga baya ya rubuta littafi guda domin matuƙa, wani kuma domin manoma, inda ya mai da huɗa da shuka da girbi darussa na ruhaniya.

Korar 1662 ta raba shi da mumbari, amma ba ta raba shi da garken ba. Ya ci gaba da tara masu bi a ɓoye. A 1665 aka ƙara wata doka mai hana korarrun limamai zama kusa da garuruwan da suka yi hidima, sai da tazarar mil biyar. Flavel ya koma ƙauyen Slapton, mutanen Dartmouth kuwa suka riƙa takawa zuwa can don su ji Maganar Allah. Wani lokaci a kurmi ake taruwa, wani lokaci kuma a kan wani dutse da ke bakin kogi kusa da Kingsbridge, wanda ba ya bayyana sai ruwan teku ya janye. A wannan shekarar ce aka kama mahaifinsa da mahaifiyarsa a wani taron sujada a Landan, aka kulle su a kurkukun Newgate a daidai lokacin da annoba ke cin birnin. Suka kamu da cutar, dukansu biyu suka rasu.

Cikin wannan hali ne ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan da ya fi shahara da su, wanda ya fito a 1668, aka kuma san shi daga baya da sunan Keeping the Heart, wato tsaron zuciya. Ya gina shi a kan Misalai 4:23. Ga Flavel da sauran Furitan, zuciya ita ce dukan mutum na ciki: hankali, lamiri, nufi da sha'awace-sha'awace. Kamar maɓuɓɓuga take. Idan ta gurɓace, duk abin da ya gudana daga gare ta, magana ko aiki, sai ya gurɓace. Saboda haka ya koyar cewa babu aiki mai wuya a rayuwar Kirista kamar riƙe zuciya kusa da Allah. Mutum yana iya zuwa sujada, ya raira waƙa, ya ba da baiko, alhali zuciyarsa tana yawo a kasuwa.

Bai tsaya ga faɗakarwa kawai ba, ya nuna hanya. Mai bi ya riƙa bincika halin da zuciyarsa ke ciki a kai a kai. Ya ƙasƙantar da kansa saboda zunuban da babu wanda ya gani sai Allah. Ya nace da addu'a yana roƙon alherin da ke tsarkakewa. Ya ɗauki alkawari ya guji wuraren da ya saba faɗuwa, ya zauna a faɗake, ya kuma riƙa tunawa cewa kullum a gaban Allah yake. Sa'an nan ya lissafta lokatai goma sha biyu da zuciya ta fi bukatar tsaro, cikinsu har da lokacin tsanani, da na rashi, da na cin mutunci daga wajen mutane, da na jaraba, da na shakka, da na ciwon ajali. Abin lura shi ne, mutumin da aka ƙwace wa kome ya sa lokacin wadata a kan gaba, gama ya gane cewa ƙoshi ya fi yunwa saurin mantar da mutum Ubangijinsa. Duk da haka bai taɓa koyar da cewa wannan ƙoƙari ne ke kawo ceto ba. Sai Ruhu Mai Tsarki ya sabunta zuciya tukuna, kafin mai ita ya iya tsaronta.

Wahala ba ta rabu da shi ba. Bayan rasuwar matarsa ta biyu ya rubuta littafin ta'aziyya ga masu makoki a 1674, bisa ga labarin gwauruwar Nayin cikin Luka 7. A 1678 ya fito da wani a kan Zabura 57:2, yana gargaɗin masu bi su riƙa lura da yadda hannun Allah ke bi da al'amuransu, har su rubuta don kada su manta. A 1684 sojoji suka auka wa wani taron addu'a a Landan. Flavel ya tsira, amma abokinsa William Jenkyn ya shiga hannu, ya mutu a Newgate. A Dartmouth ma maƙiya sun ƙone gunkin da suka yi da siffarsa a bainar jama'a. An ce da labari ya kai masa, addu'ar gafara ya yi wa garin.

Sauƙi ya zo a 1687, lokacin da Sarki James na Biyu ya sassauta dokokin. Jama'arsa suka gina majami'a, ya koma wa'azi a fili. Ƙarshen ƙarfinsa ya ba da shi ga neman haɗa kan ikilisiyoyin da suka sha tsanani tare amma suka rarrabu kan tsarin mulkin ikilisiya. A kan wannan hidima yake a birnin Exeter sa'ad da ciwon shanyewar jiki ya buge shi, ya rasu ranar 26 ga Yuni, 1691. Aka kai gawarsa Dartmouth aka binne.

Littattafansa sun ƙetare teku. Jonathan Edwards da George Whitefield sun karanta su, Archibald Alexander kuma, malami na fari a makarantar tauhidi ta Princeton a Amurka, ya shaida cewa rubuce-rubucen Flavel suna cikin abin da Allah ya yi amfani da shi wajen tubarsa.

Tarihin wannan bawan Allah yana da magana ga ikilisiyar da ke fuskantar tsanani, da wadda ke cikin wadata. Hukuma ta iya rufe masa majami'a, annoba ta ɗauke iyayensa, mutuwa ta shiga gidansa sau da dama, amma bai bar ɗaci ya kafa saiwa a cikinsa ba. Mai bi da ke tsaron gonarsa da shagonsa da sunansa, ya kamata ya tambayi kansa yaushe rabonsa da ya zauna shi kaɗai gaban Allah, da Littafi a buɗe, ya duba abin da ke cikin zuciyarsa.